Ruwan Famfo Da Kifin Koi: Me Ya Sa Abin Da Muke Sha Lafiya Lau Yake Kashe Su?

Ta yaya ruwan da mutum zai kwankwaɗa da safe, ya yi alwala da shi, a dama wa yaro koko da shi, zai zama ajalin kifin da ya shekara goma yana iyo a kwami lafiya ƙalau? Tambayar nan ba ta tsufa a tsakanin masu kiwon koi, kifin adon nan na ƙasar Japan, musamman a Amurka da Ingila inda akasarin tafkunan gida da ruwan famfo ake cika su. Duk lokacin da wata hukumar ruwa ta ba da sanarwar za ta daina amfani da kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ta koma ɗan'uwansa kuloramin, sai maganar ta sake tasowa. Wasu su ce guba ake ɗura wa jama'a. Wasu kuma su ce ai ba komai, a tara ruwan ya kwana kamar yadda aka saba tun da. Dukansu sun yi kuskure, amma kuskuren na biyun ne ya fi cin rayukan kifi.

Kifin da ake magana a kai

Asalin koi kifin ci ne, mai duhun jiki, wanda manoman shinkafa a tsaunukan lardin Niigata ke kiwo don su samu nama idan dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi. A farkon ƙarni na 19 suka fara lura da wasu masu ɗigon ja da fari, suka riƙa ware su suna haɗa su da juna. Baje kolin da aka yi a Tokyo a 1914 shi ya fito da su idon sauran Japanawa, daga nan suka bazu duniya. Koi yakan yi shekara 25 zuwa 35 in ya samu kulawa, yana gane mai ba shi abinci, har ya ci a tafin hannu. A 2018 an sayar da wata mai launin ja da fari, tsawonta kusan mita ɗaya, daga wata gonar kifi a Hiroshima, a kan yen (kuɗin Japan) miliyan 203. Ko wanda nasa bai kai wannan daraja ba, rasa kifin da aka raina tun yana kamar ɗan yatsa ba ƙaramin ciwo ba ne.

Kafin a ga laifin kulorin

Ba na cikin masu cewa a cire kulorin daga ruwan sha, kuma ba na jin duk wanda ya taɓa ganin abin da amai da gudawa ke yi wa unguwa a lokacin damina zai faɗi haka. Birnin Lincoln na Ingila ya fara zuba shi a ruwa a 1905 saboda annobar taifot. A 1908 wani likita, John Leal, ya sa aka fara zuba shi ba yankewa a ruwan Jersey City ta Amurka, wasu birane suka bi sahu, mace-macen taifot suka yi ƙasa sosai.

Abin da ya shafi mai kifi shi ne ragowar da ake bari da gangan. Matatar ruwa ba ta tsayawa ga kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa a lokacin tacewa. Ruwan zai bi bututu na kilomita da yawa, wani ya tsufa, wani yana yoyo, don haka dole a bar ɗan kulorin ya raka shi har bakin famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ragowar ta gaza miligiram 0.2 a kowace lita a wurin da ake ɗiba. A Amurka an yarda ta kai har miligiram 4.

Yanzu a kwatanta da ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya don kare halittun ruwan daɗi: miligiram 0.019 a lita na ɗan gajeren lokaci, 0.011 in abin zai daɗe. An yi wannan ma'auni ne har da halittun da suka fi koi rauni, amma duk da haka tazarar ta isa ta tsorata mutum. Mafi ƙarancin abin da ake so a samu a famfo ya ninka wancan iyakar sau goma. Mafi yawan da doka ta yarda da shi kuwa ya ninka ta sama da sau 200.

Kuloramin, kuma me ya kawo shi?

Kuloramin kulorin ne da aka haɗa da amoniya, yawanci kashi 3 zuwa 5 na kulorin a kan kashi ɗaya na amoniya. Ba sabon abu ba ne, birnin Denver yana amfani da shi tun 1917. Abin da ya sa ya yaɗu shi ne binciken wani masanin sinadarai a Rotterdam ta ƙasar Holan, Johannes Rook, wanda ya nuna a 1974 cewa idan kulorin ya gamu da ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin tsirrai a ruwan kogi, yana haifar da wasu sinadarai dangin kulorofom, waɗanda ake zargin shan su shekara da shekaru yana ƙara haɗarin cutar daji. Amurka ta sa musu iyaka a 1979, ta ƙara matse iyakar a 1998. Hanya mafi araha ga hukumomin ruwa da yawa ita ce komawa kuloramin, domin ba ya haifar da su da yawa, ba shi da ƙarfin wari, ga shi yana jure doguwar tafiya a bututu. San Francisco ta koma kansa a 2004. A yau fiye da mutum ɗaya cikin biyar a Amurka ruwan kuloramin yake sha.

Masu adawa da shi ma suna da abin kamawa. Birnin Washington ya sauya a shekarar 2000, sai sabon sinadarin ya narkar da ɓawon da ya lulluɓe cikin tsofaffin bututun dalma, dalmar ta riƙa shiga ruwan gidaje, abin bai fito fili ba sai 2004. Cibiyoyin wankin ƙoda kuma dole su tace shi tas kafin ruwa ya kusanci jinin majinyaci. Wannan batu na wankin ƙoda shi ne mabuɗin fahimtar halin da kifi ke ciki.

Abin da ke faruwa a jikin kifi

Idan mutum ya sha ruwan famfo, miyau da abin da ke cikin ciki suna karya ɗan kulorin ɗin kafin ya isa jini. Kifi ba shi da wannan katanga. Ɗaga murfin da ke gefen kansa za ka ga kunnuwansa, jajayen zare-zaren nan masu taushi da yake numfashi da su. Fatar da ta raba ruwa da jininsa a wurin ta fi takardar sigari sirantaka nesa ba kusa ba, kuma ruwa na bi ta kanta dare da rana.

Kulorin yana ƙona wannan wuri. Jiki sai ya yi ta fitar da yauƙi don ya kare kansa, yauƙin kuma ya ƙara toshe hanyar iska. Kuloramin ya fi haka illa, domin yana ratsawa ya shiga jini ya lalata jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iskar oksijin. Kifi sai ya shaƙe a cikin ruwan da ke cike da iska. Za ka gan shi ya taso sama yana haki, ko yana zabura kamar an tsikare shi, ko ya kwanta a ƙasa ya tsuke fikafikai. Kunnuwan da ya kamata su yi jawur sai su koɗe.

Ba kullum abin ke zuwa da mutuwar farat ɗaya ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Kaɗan-kaɗan da ake zubawa kowane mako yana raunana kunnuwan da fatar, bayan wata biyu sai gyambo ya fito, ko ƙwari su kama shi, mai shi ya yi ta sayen maganin gyambo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mesar ruwan famfo ce ta tsaga bangon.

"A bar shi ya kwana"

Shawarar tana da tushe. Kulorin zalla ba ya zama. In ka tara ruwa a buɗaɗɗen tanki, rana na dukansa, injin hura iska na motsa shi, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya fice. Tsofaffin masu kiwo sun yi shekaru suna haka ba su ga matsala ba.

To, amma kuloramin saboda zamansa aka zaɓe shi. Yakan yi kwanaki, har makonni, bai gushe ba, kuma hura iska ba ta korarsa yadda take korar kulorin. Hanci ma ba zai taimake ka ba tunda warinsa kaɗan ne. Mutum zai shinshina ruwan da ya kwana biyu ya ji ba komai, ya juye wa kifi da zuciya ɗaya.

Akwai wani abu da ko waɗanda garinsu kulorin zalla ake amfani da shi ya kamata su sani. Kifi ta kunnuwansa yake fitar da amoniya, ita ce fitsarinsa. Da zarar ɗanyen ruwan famfo ya faɗa kwamin da ke da amoniya, kuloramin zai haɗu da kansa a nan cikin kwamin. Abin da da an bar shi a tanki zai fice gobe, yanzu ya zama mai daɗewa a tsakiyar kifaye.

Wasu kuma sukan ce in kashi 10 cikin 100 kawai za a canza, ba sai an sa magani ba, tsohon ruwa zai cinye shi. A yi lissafi. Kwami mai lita 10,000, aka zuba sabon ruwa lita 1,000 mai ɗauke da miligiram 2 a lita. Bayan ya gauraya, 0.2 ke nan a ko'ina, ninki goma na waccan iyakar ta 0.019. Gaskiya ne dattin da ke cikin tsohon ruwa yana cinye wani kaso, amma yauƙin jikin kifi da kunnuwansa suna cikin abin da ke cinyewar.

Awo kafin komai

Akwai ƙwayar awo da ake kira DPD, irin wadda masu kula da wurin ninƙaya ke amfani da ita. Ka ɗebi ruwan famfo a ɗan kwalabar gwaji, ka jefa ƙwaya mai lamba 1, ka girgiza. In ya koma ruwan hoda, akwai kulorin zalla, duhun launin kuma shi ne yawansa. Sannan ka ƙara mai lamba 3 a kan wannan ruwan, ka jira minti biyu. In hodar ta ƙara duhu, wannan ƙarin shi ne kuloramin. Na fi son mutum ya ɗora kwalabar a kan farar takarda ya leƙa ta sama, domin ɗan jirwayen hoda da ido ba zai kama ta gefe ba yakan fito ta haka, kuma ga kifi ko jirwayen ya yi yawa.

Tarkon da mutane ke faɗawa shi ne sayen abin awon da kulorin zalla kaɗai yake gani. Ruwan kuloramin zai nuna masa kusan sifili. Jimillar kulorin ake nema. Wata alamar kuma: in ka gwada ɗanyen ruwan famfo da abin awon amoniya ya nuna akwai, ka zargi kuloramin.

Awo ɗaya ba ya isa har abada. Hukumomin ruwa sukan ƙara yawan sinadari bayan gyaran bututu ko ruwan sama mai yawa. Wasu masu amfani da kuloramin, irin na Washington, sukan koma kulorin zalla na wasu makonni kowace shekara don wanke bututu.

Yadda ake cirewa, da abin da yake bari a baya

Maganin da ya fi araha shi ne sodiyam tayosalfet, wasu ƙyalƙyalin duwatsu kamar farin alawa, masu narkewa nan take. Shi ne ginshiƙin yawancin magungunan kwalba da ake sayarwa da tsada. Yawan da ake buƙata yana sauyawa da yanayin ruwan, amma giram 7 a kan kowane giram ɗaya na kulorin ya wadatar ko a wane hali. A misalinmu na lita 1,000 mai miligiram 2, kulorin giram 2 ke nan, magani giram 14, kusan cokalin cin abinci ɗaya. A narkar da shi a bokiti, a zuba a tankin sabon ruwa, a motsa, a sake awo. Bitamin C ma yana yin aikin, kamar kashi biyu da rabi a kan kashi ɗaya, sai dai yana ɗan ƙara wa ruwa tsami, ga tsada.

Da kulorin zalla, magana ta ƙare a nan. Da kuloramin kuwa saura rabi. Maganin yana raba auren ne, ya kashe kulorin ya saki amoniya a ruwan. Miligiram 2 na kuloramin yana barin kamar 0.4 na amoniya a lita. In kashi 10 ka canza, abin da ya shiga kwamin bai wuce 0.04 ba, filta mai lafiya, wato matacin ruwan kwami, za ta cinye shi cikin sa'o'i. In rabin kwamin ka canza, 0.2 ne a lokaci guda, a kan wanda kifayen ke fitarwa.

Ko wannan zai yi illa, ya danganta da zafin ruwa da kuma ma'aunin pH, wato inda ruwan ya karkata tsakanin tsami da kanwa-kanwa. Duk mai girki ta san kanwa ke kashe tsami, to wannan layin ne ake aunawa, 7 ne tsakiya. Amoniya tana zama a ruwa da fuska biyu, mai guba da marar ƙarfi. A zafin digiri 25, in pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ta haura kashi 5. A 9 ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Adadi ɗaya na amoniya zai wuce salin-alin a wani kwami, ya yi ɓarna a na maƙwabci wanda sabon siminti ke tura ruwansa wajen kanwa.

Shi ya sa aka yi magunguna irin Prime da ClorAm-X, waɗanda masu yin su ke cewa bayan kashe kulorin suna ɗaure amoniyar har filta ta gama da ita. Masu kiwo sun rabu a kan ƙarfin wannan ɗaurin, kuma su kansu masu Prime kwana ɗaya zuwa biyu suka ce yana riƙewa. A ganina suna da amfani a sabon kwami ko ranar gaggawa, amma ba su kai canjin ruwa kaɗan-kaɗan da filta mai rai ba. Kada kuma a ce tunda magani ne a antaya shi. Yawansa yana rage iskar oksijin, don haka injin iska ya kasance a kunne.

Hanya ta biyu ita ce tulun sarrafaffen gawayi da ake haɗawa a bututu kafin ruwa ya isa kwami. Masu koi a Ingila suna son ta, su bar ruwa yana ɗiga a hankali dare da rana. Ba gawayin girki ba ne, kuma don kuloramin akwai nau'i na musamman da aka ƙara wa ƙarfi. Sirrin shi ne jinkiri. Cibiyoyin wankin ƙoda suna tsara nasu yadda ruwa zai yi minti 10 yana cuɗanya da gawayin. Wanda ya buɗe famfo gaba ɗaya ta cikin ɗan ƙaramin tulu, kuloramin zai bi ya wuce. Gawayi kuma yana ƙarewa ba sanarwa, sai ƙwayar DPD a bakin fita ce za ta gaya maka.

Mesar da aka manta

Ga yadda babbar asara ta fi zuwa. Ruwa ya ɗan ja baya saboda zafi, mai gida ya jefa mesa ya buɗe famfo, nufinsa minti goma. Waya ta yi ƙara, ko baƙo ya yi sallama. Koi suna son sabon ruwa mai gudu, don haka sukan taru daidai bakin mesar, inda sinadarin ya fi ƙarfi. Bayan awa uku sai a ga ruwa na malala a tsakar gida, manyan kifayen sun juya ciki sama. A sa ƙararrawa a waya, ko a ɗaura wa famfon agogon da ke rufe shi da kansa. In ya riga ya faru, a rufe famfo, a zuba magani gwargwadon dukan ruwan kwamin, a ƙara iska iya iyawa, a dakatar da abinci na 'yan kwanaki.

Dakatar da abincin saboda filta ne. Abin da ke aiki a cikinta bakteriya ne masu amfani da ke manne a soso da duwatsu suna cin amoniya, kuma kulorin don kashe bakteriya aka yi shi, ba ya tantance na kirki. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su sake kafuwa. Saboda haka ne ma ba a wanke soson filta a bakin famfo. A ɗebi ruwan kwamin a bokiti a matse shi a ciki.

A nan gida

Masu ajiye kifin ado a gidaje da otal-otal na Abuja, Kano ko Yamai, abin ya shafe su ta wata fuskar. Matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa ko na Usuma suna kwantar da laka da alif, su kashe ƙwayoyin cuta da kulorin, kuma gidan da ke kusa da matata ya fi na ƙarshen layi samun ragowa mai ƙarfi. Ruwan tanka da na 'yan garuwa ba ka san abin da aka zuba masa ba sai ka auna. Haka tankin gidan da aka sa wa maganin kulorin irin WaterGuard ko Aquatabs, ko rijiyar da ma'aikatan lafiya suka zuba wa magani lokacin kwalara, ko kwamin da aka wanke da bilic ba a ɗauraye sosai ba. Mai kiwon tarwada zai iya cewa shi bai taɓa damuwa da wannan ba. Tarwada tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, koi ba shi da ita, kuma ko 'ya'yan tarwadar da aka ƙyanƙyashe jiya ba su da wannan juriyar.

Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe, shi ya sa yake yin ja-ja in ya zauna. A nan ne tsohuwar shawarar tarawa a hura iska ya kwana take da cikakken amfani.

Zafinmu ma yana shiga lissafin. Ruwa mai digiri 30 oksijin ɗin da zai iya riƙewa kamar miligiram 7.5 ne a lita, alhali mai digiri 20 yana riƙe sama da 9, ga shi zafi na ƙara kason amoniya mai guba. A kwamin da ke da gansakuka, iska ta fi ƙaranci da asuba, pH kuma ya fi hawa da la'asar. Canjin ruwa a watan Afrilu, a yi shi da hantsi, kashi 10 zuwa 15, daga tankin da aka riga aka sa wa magani aka auna, mai shi kuma yana tsaye a wurin har ya rufe famfo da hannunsa.